Kiwon Kare da Hakkin Mai Shi: Ko Ya Dace Mai Bi Ya Hana Karensa Haihuwa?

Gidajen masu bi da yawa, a ƙauye da birni, ba su rasa kare. A karkara shi ne abokin farauta, shi ne kuma mai korar birai daga gonar masara. A birni kuwa, tun da sata ta yawaita, ya zama mai gadin da ba ya karɓar albashi sai ɗan tuwon da ya kwana. Yara sukan raɗa masa suna, su yi wasa da shi, su yi kuka ranar da ya mutu. Duk da wannan kusanci, da wuya a ji an tsaya a majami'a ko a taron addu'ar iyali ana tambayar abin da Allah yake bukata daga hannun mai kare.

A shekarun nan likitocin dabbobi suna ba masu karnuka shawara su kawo su a yi musu aikin da zai hana su haihuwa. Shawarar ta raba ra'ayin masu bi. Waɗansu suna ganin wannan shiga hurumin Mahalicci ne, gama shi ya ba kowace halitta ikon hayayyafa. Waɗansu kuma dariya suke yi, su ce kare ai kare ne, bai kai a ɓata bakin magana a kansa ba. Na farkon suna da hujjar da ta cancanci amsa. Na biyun kuwa sun manta cewa Littafi Mai Tsarki ya auna adalcin mutum da yadda yake kula da ran dabbarsa (Karin Magana 12:10).

Mene ne aikin?

Ga namiji, likita yakan cire 'ya'yan maraina biyu, abin da Bahaushe ya sani da fiɗiya. Ga karya kuwa aikin ya fi girma, domin sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa, sau da yawa har da mahaifar. Dukansu biyu ana yin su ne bayan an yi wa dabbar allurar barci, da kayan aiki masu tsabta, a ba ta maganin zafi, a kuma kwance ɗinkin bayan kwana 10 zuwa 14. Da zarar an yi, ba a komawa baya.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da ake yi a bayan gida, inda samari za su danne kare, wani ya sa reza ko ya ɗaure masa maraina da roba har su ruɓe. Wannan azaba ce tsantsa, kuma karnuka da dama sukan mutu ta dalilin zubar jini ko ruɓewar miki. Babu wata hujja a cikin wannan rubutu da ta halatta irin wannan. Haka nan allurar tsarin iyali ta mata da waɗansu suke saya su yi wa karya, tana iya jawo mata ruɓar mahaifa. Maganar da ake yi a nan ta aikin ƙwararren likita ce.

Albarkar hayayyafa

Hujja ta farko da masu ƙin aikin suke kawowa daga Littafin Farawa take. Allah ya sa wa halittunsa albarka su yi yawa a duniya (1:22), ya kuma maimaita wannan sa'ad da dabbobi suke fita daga jirgin Nuhu (8:17). Suna tambaya, wane ne mutum da zai rufe abin da Allah ya buɗe?

Tambayar tana da nauyi, amma sai a lura da wanda aka yi wa albarkar. An yi ta ne ga iri, domin kada duniya ta zauna kango. Ba ta zama doka a kan kowace dabba ɗaya ɗaya cewa lalle sai ta haifi iyakar abin da cikinta zai iya ɗauka ba. Irin kare kuwa ba ya cikin haɗarin ƙarewa, ya cika kowace nahiya da mutum yake zaune. A cikin sura ɗin nan dai Allah ya ɗora wa mutum mulki bisa dabbobi (1:26-28), sura ta biyu kuma ta nuna irin mulkin, wato na mai noma gona yana kiyaye ta (2:15). Manomin da ya bar kowace ƙwayar gero da ta tsiro a rami ɗaya ba tare da ya cire waɗansu ba, ba a ce masa mai tsoron Allah, sai dai rago, domin a ƙarshe ba wadda za ta yi zangarniya.

Akwai kuma abin da ya kamata mai wannan hujja ya tambayi kansa. A gidansa akwai taure da ake turkewa domin Kirsimati, a gonarsa kuma shanun huɗa da aka dandaƙe domin su yi sanyin hali a ƙarƙashin karkiya. Ba a taɓa jin dattawan ikilisiya sun kira wani sun hore shi saboda wannan ba. In ya halatta a fiɗiye bunsuru domin namansa ya yi kitse ya rabu da wari, wato domin daɗin bakin mutum kawai, da wuya a ce ya haramta a fiɗiye kare domin a rage wahalar dabbobi a kuma kiyaye rayukan yara. Wanda ya tsaya a kan cewa duka biyun laifi ne, maganarsa ta daidaita, ko da ba a yarda da shi ba. Wanda ya ci tauren ya kuma la'anci likitan kare, da sauran tunani a gabansa.

Abin da Littafin Firistoci ya ce

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Littafin Firistoci 22:24 ya hana a miƙa wa Ubangiji dabbar da aka dandaƙe ko aka fiɗiye. Malaman Yahudawa tun zamanin dā sun fahimci ƙarshen ayar a kan cewa aikin kansa ne aka hana, ba miƙa hadayar kaɗai ba, har wa yau kuma Yahudawa masu riƙon shari'a sosai ba sa fiɗiye dabbobinsu. Bai kamata Kirista ya yi kamar ayar ba ta nan ba.

Sai dai ayar tana tsakiyar jerin ka'idodi ne a kan dabbar da ta cancanci bagade (22:17-25), inda aka hana makauniya da karyayya da mai ƙazuwa. Manufar ita ce kada a kawo wa Allah abin da yake da aibi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta koyar da cewa waɗannan hadayu inuwa ce ta cikakkiyar hadayar Almasihu, wadda aka miƙa sau ɗaya ta kuma wadatar (sura 10). Sa'ad da manzanni da dattawa suka taru a Urushalima domin su yanke abin da za a ɗora wa al'ummai masu ba da gaskiya, abubuwa huɗu suka ambata, wannan kuwa ba ya cikinsu (Ayyukan Manzanni 15:28-29). Saboda haka ayar ba ta ɗaure lamirin Kirista kamar doka ba.

Duk da haka ba ta zama wofi ba. Tana tuna wa mai bi cewa jikin dabba aikin hannun Allah ne, ba a sa masa wuƙa sai da dalili mai ƙarfi. In an ɗauki wannan da gaske, abin da zai fara faɗuwa shi ne al'adar yanke wa kwikwiyo kunnuwa da wutsiya, wai domin ya yi zafi ko ya yi kyan gani. Wannan yanka ba ya warkar da cuta, ba ya kiyaye ran kowa, kuma yawanci da almakashi ko wuƙar girki ake yinsa, kwikwiyon yana ihu. Abin mamaki ne a ga mutum yana jin ƙyamar aikin likita, alhali karensa yana yawo da guntun kunne.

Abin da ke faruwa in an bar abin haka

Tunani a kan nagarta ba ya cika sai an dubi sakamakon ƙin yin abu, gama ƙin yi ma zaɓi ne. Karya takan balaga tun tana wata 6 zuwa shekara 1. Yawancinsu sukan nemi barbara sau biyu a shekara, cikin kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. A ce karya ɗaya tana haihuwar 'ya'ya 6 sau ɗaya tak a shekara, cikin shekara 6 ta ba mai ita kwiyakwiyi 36, ban da jikoki. Gida nawa ne zai iya ciyar da su, ya yi musu rigakafi, ya sama wa kowanne mai riƙo na kirki?

Kowa ya san inda suke ƙarewa. Waɗansu akan zuba su a buhu a jefar a bola ko a rafi da dare. Waɗansu a ba duk wanda ya miƙo hannu, ko da yaro ne da iyayensa ba su sani ba. Sauran su girma a kan juji da bayan mahauta, kaska da ƙazuwa suna cinsu, mota ta take wannan, a sa wa wancan guba. Mutumin da ya ce tausayi ya hana shi kai karyarsa wurin likita, sa'an nan ya nutsar da 'ya'yanta a ruwa kowace shekara, bai guje wa zubar da rai ba, ya dai zaɓi hanyar da ta fi muni.

Wahalar kuma ba ta tsaya a kan karnuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukan waɗanda suka kamu, daga cizo ko yaƙushin kare suka same shi, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Shari'ar Musa ta yi magana a kan irin wannan. In sa ya saba tunkuyi, aka gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, alhakin jinin yana kan mai san (Fitowa 21:28-29). Mai karen da ya san akwai wannan ciwo a ƙasa, ya kuma saki karnukansa suna yawo suna hayayyafa ba rigakafi, an riga an gargaɗe shi.

A nan akwai gaskiyar da ba za a ɓoye ba. Hana haihuwa ba ya hana haukan kare, allurar rigakafi ce take hana shi. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka kuma dinga maimaitawa, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ta haka ƙasar Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a shekarar 2019 cewa ta rabu da ciwon da mutane suke samu daga kare. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Inda hana haihuwa yake taimakawa shi ne, in kowace shekara ana haifar sababbin kwiyakwiyi da yawa waɗanda ba a yi wa allura ba, adadin masu rigakafi yakan faɗi da sauri, aikin bara ya zama kamar ɗibar ruwa da kwando. Kashe karnuka da yawa a lokaci ɗaya ma bai taɓa magance matsalar ba, domin waɗansu sukan cike gurbin nan da nan. Shi ya sa a birnin Jaifur na Indiya, tun daga 1994, aka haɗa abubuwan biyu, a kama karen titi, a yi masa aiki da allura, a mai da shi unguwarsa.

Riba da hasara ga karen kansa

Adalci ya bukaci a tambayi abin da aikin yake yi wa dabbar da ba ta da bakin cewa i ko a'a. Akwai riba. Karyar da aka cire wa mahaifa ta tsira daga ruɓar mahaifa, cutar da takan kama tsofaffin karnuka mata da yawa, tana kuma kisa in ba a yi tiyatar gaggawa ba. In an yi aikin da wuri, haɗarin kansar nono yakan ragu. Namiji yakan rage tsallake katanga da yawon dare da faɗa a kan mace, inda karnuka da yawa suke samun munanan raunuka. Akwai kuma wani ƙari mai zubar jini da yakan fito a al'aurar karnuka, wanda barbara take yaɗa shi, kuma ya zama ruwan dare a cikin karnukan da suke yawo sakaka. Tsoron da ake yi cewa fiɗiyayyen kare ba zai yi gadi ba, ba shi da tushe mai ƙarfi, yakan ci gaba da haushi a kan baƙon da ya taɓa ƙofa. Amma kada wani ya zaci aikin zai mai da mugun kare salihi, wannan sai horo.

Akwai hasara kuma. Kowace tiyata tana da haɗarinta. Karen da aka yi wa aiki yakan yi saurin ƙiba in ba a rage masa abinci ba, waɗansu mata kuma fitsari yakan riƙa zubo musu daga baya. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, wanda aka fara bugawa a 2013 aka kuma faɗaɗa shi zuwa iri 35 a 2020, ya nuna cewa manyan karnuka, irin wanda ake kira karen 'yan sanda, in aka yi musu aikin kafin su cika shekara, sun fi samun ciwon gaɓoɓi. Don haka lokacin yin aikin shawara ce da za a yi da likita bisa ga irin karen da girmansa.

Wannan ya sa ƙasashe biyu da suka shahara da kula da dabbobi suka bi hanya dabam dabam. A Amurka an mai da aikin abin yau da kullum, ya kuma taimaka wajen rage karnuka da kyanwoyin da ake kashewa a gidajen ajiye dabbobi marasa masu su, daga miliyoyi masu yawa a shekarun 1970 zuwa ƙasa da miliyan 1 a shekara. A Norwe kuwa doka ba ta yarda a yi wa lafiyayyen kare aikin haka kawai ba, sai da dalili na lafiya ko na jin daɗin dabbar. Amma a Norwe kusan ba a ganin kare yana yawo ba mai shi. Kowace ƙasa ta dubi halin da take ciki. Iyalin da yake zaune a unguwar da ba katanga, inda karnuka goma suke bin karya ɗaya har cikin harabar makaranta, ya san wanne hali ne ya fi kama da nasa.

Kuɗi, da darajar mutum

Wani zai ce, yaya za a kashe kuɗi a kan kare alhali akwai gwauraye da marayu a ikilisiya da ba su ci ba? Ubangiji Yesu da kansa ya ce mutum ya fi tunkiya daraja nesa (Matiyu 12:12), kuma uban da zai hana ɗansa kuɗin makaranta domin ya yi wa kare ado ya juya tsarin Allah. Amma wanda ya ce Uba yana sane da faɗuwar ɗan tsuntsu guda (Matiyu 10:29), bai bar wa kowa hujjar sakaci ba. Kuɗin allurar kare na shekara bai kai na jerin alluran da za a yi wa yaron maƙwabci in an cije shi ba, balle a yi maganar rai. Ba wanda aka tilasta wa kiwon kare. Wanda ya ɗauko shi ya ɗauko da nauyinsa, kowa ya ɗebo da zafi kuwa bakinsa.

Darajar nan ta mutum ita ce kuma iyakar wannan magana. Abin da aka faɗa game da kare ba ya ƙetarawa zuwa ɗan adam. An ba mutum mulki bisa dabbobi, ba a ba shi irin wannan mulki bisa ɗan'uwansa da aka halitta cikin siffar Allah ba. Gwamnatin Hitila a Jamus ta kafa doka a 1933 wadda a ƙarƙashinta aka hana mutum wajen 400,000 haihuwa ƙarfi da yaji, saboda naƙasa ko ciwon tabin hankali. Wannan mugunta ta faru ne sa'ad da aka fara duban mutane kamar garke. Ikilisiya tana iya yarda da aikin likitan dabbobi, ta kuma tsaya da ƙarfi gāba da duk mai son yi wa mutane haka, ba tare da ta yi baki biyu ba.

Kammalawa

Littafi Mai Tsarki bai umarci mai bi ya fiɗiye karensa ba, bai kuma hana shi ba. Al'amarin yana cikin abubuwan da Manzo Bulus ya bar wa lamirin kowa, tare da gargaɗin kada ɗan'uwa ya hukunta ɗan'uwansa (Romawa 14). Amma hanyoyin da suke buɗe ga mai tsoron Allah biyu ne. Ko dai ya kai dabbarsa wurin likita a yi mata aikin yadda ya kamata, ko kuwa, in lamirinsa ko aljihunsa bai ba shi ba, ya tsare karyarsa a ɗaki ko a keji mai inuwa da ruwa har mako 3 na lokacin barbararta su wuce, ya hana namijinsa yawo, in kuma aka haihu ya ɗauki nauyin kowane kwikwiyo har ya sami gida. Hanya ta uku, wato a saki dabba ta hayayyafa yadda ta ga dama sa'an nan a zubar da 'ya'yan, ba ta da mafaka a cikin Maganar Allah.

Kowace hanya aka bi, allurar haukan kare wajibi ce, daga wata 3 da haihuwa, a kuma riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kuma garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin alama. Kowace shekara ana kiyaye 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Zumuntar mata da ta matasa da majalisar dattawa suna iya amfani da makon su gayyaci likitan dabbobi na ƙaramar hukuma zuwa harabar majami'a, a buɗe ƙofa ga dukan unguwa, Kirista da Musulmi, gama karen da ya haukace ba ya tambayar addinin yaron da ya tarar a hanya.

Iyaye kuma su tuna cewa yara suna kallo. Yaron da ya ga mahaifinsa ya ɗaure bakin buhu a kan 'yan kwikwiyo masu kuka ya koyi wani abu game da marasa ƙarfi, wanda darasin makarantar Lahadi zai sha wuya kafin ya kankare shi. Allah da ya sa dabbobi cikin alkawarin da ya yi da Nuhu (Farawa 9:9-10), ya kuma ambaci dabbobin Nineba sa'ad da yake tsauta wa Yunusa (Yunusa 4:11), ya ba masu binsa zuciyar riƙon amanar abin da ya sa a hannunsu. Amin.